HAƘƘIN WANDA AKA CUTA A GABAN HUKUMA
Jawabi ga ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na Dutse da kewaye



Idan an yi laifi, hankalin kowa yakan koma kan mai laifi. Wanda aka cuta kuwa sai a manta da shi. To, shi ma doka ta ba shi haƙƙi.

A shekarar 2015 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar hana cin zarafin mutane. A watan Fabrairu na 2021 Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu a kan irin wannan doka ta Jihar Jigawa. Ta shafi fyaɗe, da duka, da sauran cin zarafi, a gida ko a waje.

Ba 'yan sanda kaɗai ke binciken laifi ba. Akwai Sibil Difens. Akwai hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 don yaƙi da safarar mutane. Wasu kuma Hisba suke fara zuwa, ko wurin mai unguwa. Ko'ina mutum ya fara kai kukansa, haƙƙinsa ɗaya ne. Idan laifin babba ne, kamar fyaɗe ko kisa, sai an miƙa shi ga masu bincike, daga nan sai kotu. Sulhun zaure ba ya kashe irin wannan magana.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe:

1. Kai ƙara kyauta ne. Ba a sayen takarda, ba a biyan kuɗin biro.
2. A rubuta bayanin mai ƙara, a karanta masa kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Nan karatu yake rana.
3. A rufa masa asiri, musamman mace da yaro.
4. Kotu tana da ikon sa mai laifi ya biya shi diyya.

Misali, a ce an lalata yarinya a wani ƙauye na Kiyawa ko Jahun. Iyaye sukan yi shiru don gudun abin kunya. Shirun nan shi ke ba mugu damar komawa kan 'yar maƙwabci. Abin yi shi ne a kai ta asibiti nan da nan, kafin a yi mata wanka ko a wanke tufafinta, domin shaida tana jikinsu. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, wato kwana uku. A Babban Asibitin Dutse an buɗe cibiya ta musamman don irin waɗannan mutane.

Idan jami'i ya ƙi sauraren mutum, ko ya nemi na goro, kada ya haƙura ya koma gida. Ya nemi ganin babban ofishin. In abin ya faskara, ya tafi Ma'aikatar Shari'a ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a Dutse.

Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai ji ba. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira. Allah ya kare mu da zuriyarmu, amin.