Hoton likita ba magani ba ne

Jawabin da wani majon likita ya yi ma ɗaliban karatun manya



Yau zancen hoto za mu yi, wanda ake ce ma radiyo. Wani Bajamushe mai suna Rontgen ya gano shi a shekarar 1895. Haske ne mai ratsa nama ya nuna ƙashi. Gani kawai yake yi, ba ya warkar da kowa.

Nan Madawa, da Buza, da Keita, mutum zai zo da ciwon baya na kwana 3, daga noma ko ɗaukar buhun albasa. Ya ce: "Majo, a rubuta mani hoto." In anka ƙi, ya yi fushi. Ya saida akuya, ya biya mota har Galmi ko Tawa. Hoto ya fito, ba a ga komi ba. Akuya ta tafi, baya na nan da ciwonshi.

Laifin ba naku ba ne ku kaɗai. Mu ma muna rubutawa don kunya, ko don kar a ce ba mu iya aiki ba. A shekarar 2012 masana sunka taru a birnin Bon na ƙasar Jamus, sunka yi kira kar a yi hoto sai da dalili. Aikinmu shi ne mu fara tambaya, mu taɓa jiki, mu saurari ƙirji.

Yawancin ciwon baya yana sauƙi cikin sati 6. Kuma hasken nan, in ya yi yawa, yana da lahani. Hoton baya guda ya fi hoton ƙirji 10 haske. Mace mai ciki ta faɗa tun ba a shiga ɗakin ba.

Tari in ya wuce sati 2, a kawo kaki a auna. Nan ake gane tarin fuka. Maganinshi wata 6 ne, kyauta. Yaro mai tari kuwa, numfashinshi muke ƙirgawa: ɗan shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40 a minti guda, ciwo ya shiga huhu.

Amma akwai inda hoto ya zama dole. Wanda ya faɗo daga amalanke ko babur, ya kasa taka ƙafa. Mai ciwon baya da zazzaɓi da rama. Wanda ƙafarshi ta mutu, ko fitsari ke kufce mashi. Waɗannan kar su kwana gida. Ku kawo su, mu da kanmu za mu rubuta takarda.