Tsakanin Dorina da Takardar Likita: Yaron da Ya Gagara a Birnin Zazzau

 



Babu unguwa a cikin ganuwar Zariya, daga Kwarbai har Limancin Kona, da ba ta da yaron da kowa ya san sunansa. Shi ne za a aika sayen gishiri da hantsi, sai bayan la'asar ya dawo, ba gishiri ba kuɗi. A makarantar allo ba ya gama wanke allonsa sai ya taɓa na kusa da shi. A boko malam ya gaji, ya mayar da shi bakin ƙofa. An yi masa kamun kunne, an sa shi tsallen kwaɗo, tsumagiya ta ƙare a jikinsa, gobe kuma kamar ba a yi ba. A kan wannan yaro ne gardama ta tashi a gidajenmu. Wata ƴar'uwa da ta yi karatu ta ce a kai shi asibitin Shika likita ya duba, ƙila cuta ce. Dattijon gida ya ce wace irin cuta, ai sangarta ce, hannun uban ne ya yi sanyi.

Ita wannan gardama ba a nan aka fara ta ba. A 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi lacca a kan yaran da hankalinsu lafiya lau amma ba sa iya kame kansu, ko da kuwa sun taso a gidan tarbiyya. A 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya lura cewa wani magani mai zaburar da ƙwaƙwalwa yana sa irin waɗannan yara su natsu a aji. A 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fayyace matsalar a cikin kundinta na cututtuka, daga 1987 kuma ake kiranta ADHD, wato kasa tattara hankali wuri ɗaya tare da rashin zama da gaggawar aikata abu ba tunani. A kundin na 1980 aka kuma shigo da wata da ta fi jawo surutu, wadda alamominta su ne musu da manya, ƙin bin umarni da saurin fushi. Duk uban da ke zauren nan zai ce, to ai wannan taurin kai ne, yaushe ya zama ciwo?

Kada mu raina wannan tambaya, domin masu yin ta suna da hujja. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da yawa ya nuna kusan yara 5 cikin 100 ne ke da ADHD. Amma a Amurka, a ƙididdigar 2022, kusan yara 11 cikin 100 an taɓa ce musu suna da ita. A 2018 masana daga Jami'ar Harvard suka duba jihohin da ake yanke shekarun shiga makaranta a ranar 1 ga Satumba. Yaron da aka haifa a Agusta shi ne ƙarami a aji, wanda aka haifa a Satumba ya girme shi da kusan shekara. Sai suka tarar an fi maƙala wa na Agusta wannan suna da fiye da kashi 30 cikin 100. Ke nan akwai yaran da aka ɗora wa magani alhali ƙuruciya ce kawai ke ɗawainiya da su. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da ita. Bayanin iyaye da malamai likita yake saurara, ya auna, shi kuma mai ba da bayani mutum ne, yana iya gajiya, yana iya son a rabu da shi.

Sai dai ina roƙon mu da kada mu ɗauko ciwon kan Amurka mu ɗora wa Zariya. A can damuwarsu ita ce an cika rubuta wa yara magani. Mu a nan, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, masu duba yara a cikinsu kuwa ƴan ƙalilan ne. Maganin da suke rigima a kansa, Ritalin, da wuya ka same shi a kemis. Yaronmu ba ya cikin haɗarin a duba shi fiye da kima. Haɗarinsa shi ne ya girma babu wanda ya taɓa duba shi, ko sau ɗaya.

Hanyar da yake bi duk mun san ta. Duka a gida, duka a makaranta. Da abin ya ƙi, sai a ce ba banza ba, akwai iska ko an yi masa sammu, a shiga rubutu da hayaƙi da ruƙiyya. Yana kai shekara goma sha uku ya daina zuwa makaranta, ya sami abokai a tasha, su ne mutanen farko da ba su kira shi dabba ba. Su za su miƙa masa sholisho, daga nan kodin da tiramol. Ƙarshen hanyar kuwa mun gan shi da idonmu a 2019. A ƙarshen Satumba ƴan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, da yawa yara ne, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. A Oktoba aka buɗe irinsa a Daura da Katsina, aka zo har nan Zariya aka fito da mutum 11. Muka yi ta salati muna tsine wa masu gidajen. Amma wa ya kai yaran? Ba sace su aka yi ba. Iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗin abinci, suna kuka a hanyar dawowa. Ba mugaye ba ne. Mutane ne da dabara ta ƙare musu, kuma gidan mari shi kaɗai ne ƙofar da suka tarar a buɗe. An rufe gidajen, to me aka buɗe a madadinsu? Uban da ɗansa ya gagare shi yau a Ƙofar Doka, ina zai nufa?

Abin da ya sa nake nacewa a kan a duba yaro shi ne, sau da yawa abin da za a gano ba ma ADHD ba ne. Wani yaron kunnensa ne ya toshe tun sanƙarau ko ƙyanda da ya yi, ana dukansa a kan rashin ji alhali da gaske ba ya ji. Wata yarinyar farfaɗiya ce da ita, irin wadda ba ta kayarwa, sai dai ta ƙura ido na ɗan lokaci ta dawo, malam ya ce raini ne. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa yana barin yaro da sauyin hali bayan ya warke. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a yankin Anka da Bukkuyum a 2010, ɗan kaɗan ɗinta a jini ya isa ya dagula natsuwa, kuma ana samun ta a wasu nau'o'in kwalli da muke rambaɗa wa jarirai. Ga yunwa, ga ƙarancin jini. Ga yaron da aka saki uwarsa, yana kwana a ɗakin kishiyarta. Dorina ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Akwai kuma abin da mu da kanmu muka canza ba mu lura ba. A da, yaro mai ƙiriniya yana da inda zai zubar da ƙarfinsa. Karatun allo da asuba da yamma ne, tsakani yana gona ko kiwo ko aike. In ya gagari uban, wanda ma galibi alkunya ba ta barinsa ya sa ido a kan ɗan fari, sai baffa ko kawu ya ɗauke shi riƙo, ya zaunar da shi a zauren ɗinkin riga ko ya tura shi marina, hannunsa ya sami abin yi. Yau fa? Boko daga safe zuwa azahar, a aji mai yara saba'in ko ɗari. Islamiyya da la'asar. Hadda bayan magariba. Muna neman yaro ɗan shekara bakwai ya zauna wuri ɗaya na awoyin da babba ma ba zai iya ba, fagagen wasa kuma duk an yanka su filoti. Baffan da zai karɓe shi yana Abuja yana fama da nasa. Saboda haka likitan da zai ɗauko takardar tambayoyi da aka tsara don yaran Amurka ya cika ta a kan wannan yaro, ba tare da ya tambayi yadda yininsa yake ba, shi ma ya zalunce shi. Ƙa'idar aikin da kanta ta ce sai halin ya daɗe aƙalla wata shida, ya bayyana kafin shekara 12, a gan shi a wuri fiye da ɗaya, kuma yana cutar da rayuwar yaron. Wanda yake natse a gida amma ya zama ibilis a aji, a fara binciken ajin tukuna.

Yanzu bari in juyo ga malamaina, tare da neman afuwa, domin kun fi ni sanin abin da zan faɗa. Idan aka taɓa maganar duka, sai a ce Turawa ne ke so su hana mu tarbiyya. To Muhammad ɗan Sahnun ba Bature ba ne. Ɗan mai Mudawwana ne, malamin Malikiyya a Ƙairawan, ya rasu a 870 Miladiyya, kuma ya rubuta littafi sukutum a kan ladubban masu koyar da yara. Ya halatta horo, amma ya ɗaure shi da igiya: a kan karatu kada malam ya wuce bulala uku sai da izinin uba, kada horo ya haura goma, kada a taɓa fuska ko kai, kada kuma malam ya yi duka don huce fushinsa. Ibn Khaldun a Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya ware fasali a kan cewa tsanantawa tana cutar da ɗalibi. A bayaninsa, yaron da aka rena da ƙarfi yakan koyi ƙarya da yaudara da kasala, saboda tsoro ya koya masa ɓoye abin da ke ransa. Hadisin da muke yawan kafa hujja da shi ya sa umarni da salla a shekara bakwai, horo sai a goma. Shekara uku cur na koyarwa ke tsakani, kuma a kan salla ake magana, ba a kan fasa kofi ba. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah hidima shekara goma tun yana yaro, ya kuma shaida cewa bai taɓa yi masa tsawa ba. Ku auna wannan da abin da ke faruwa a tsakar gidajenmu: wayar lantarki, bel, barkono a ido, ɗauri a turke. Binciken hukumar ƙididdiga ta ƙasa da UNICEF ya nuna fiye da yara 8 cikin 10 a Nijeriya sun sha duka ko tsawa da zagi a watan da ya gabaci tambayar. Da duka yana gyara yaro, da mun fi kowace al'umma shiryayyun ƴaƴa.

Na san karin maganar da ke zuciyarku: ka ƙi naka duniya ta so shi. Gaskiya ce, kuma ban zo in ce a saki yara su yi abin da suka ga dama ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, likitan kirki ma ba da ƙwaya yake farawa ba. Ga yaron da bai kai shekara shida ba, ƙa'idar likitocin yara a Amurkar kanta ita ce a fara da koyar da iyaye. Me ake koya musu? Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a kira sunan yaro a haɗa ido kafin a faɗa. Doka kaɗan, amma wadda ba ta canzawa, kada uwa ta hana kaka ta ba da. Hukunci nan take kuma ƙarami, kamar hana fita wasa. Yabo a lokacin da ya yi daidai, abin da mu Hausawa muke ƙyashi, wai kada kansa ya kumbura. Wannan ai tarbiyya ce, kuma ta fi dorina wahala, domin dorina minti biyu ce, wannan kuwa kullum ne. Takardar likita ba ta sauke wa uba nauyi, ba ta kuma zama uzuri ga yaro. Ƙalilan daga cikin yaran za su buƙaci magani, kuma yana taimaka musu ƙwarai. Wannan hukuncin ƙwararre ne, ba na mai kemis ba.

Abin da ke hana mu zuwa asibiti mun san shi: kada a ce gidan wane akwai taɓin hankali, ƴaƴansa mata su rasa manema. Shi ya sa Shika take da nisa ko da mota ta kai ka cikin rabin awa, asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa kuwa ko sunansa ba a so a ji. Farfesa Adeoye Lambo ya gamu da irin wannan a Aro, Abeokuta. A 1954 ya fara saukar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa da ɗan'uwansa, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin maimakon ya yi faɗa da su. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar da ke koya wa ma'aikacin ƙaramin asibiti gane matsalolin halayyar yara, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 kuma ta maye gurbin ta 1958 da ke kallon mara lafiya kamar fursuna.

Roƙona ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika shi ne ya shigo cikin ganuwa. A ware rana a wata a ɗaya daga cikin asibitocin cikin birni, a ɗakin da ake duba yara, ba tare da wani allo da zai kunyata kowa ba, a auna ji da gani da jini kafin a yi maganar ƙwaƙwalwa. A zauna da malaman allo da na Islamiyya da masu ruƙiyya, domin su ake fara kai wa yaron, a nuna musu alamomin da in sun gani za su ce wa uba, Alhaji, mu ci gaba da addu'a, amma ka kai shi a duba. Masu unguwanni kuma sun san gidajen da ake ɗaure yaro a ɗaki a yanzu haka. Ina roƙon wakilin Mai Martaba Sarkin Zazzau da ke wannan taro ya isar da wannan ga fada, a fara da waɗannan gidajen.