Lacca: Ranar da sojan haya suka juya wa Rasha bakin bindiga

(Matanin laccar da aka gabatar gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan hukuma)

 

Al'amarin da ya tara jama'a yau ya auku ne can nesa, a ƙasar Rasha, ranar Juma'a 23 da Asabar 24 ga watan Yuni na shekarar 2023. A cikin waɗannan kwanaki biyu, ƙasar da ta tara makaman nukiliya, tana kuma tsakiyar yaƙi da Yukren, ta wayi gari wani ɗan kwangilarta ya kame babban birninta na kudu, ya ɗora tankokin yaƙi bisa manyan motoci, ya kama hanyar Masko. Duk wanda ya taɓa ɗaukar mai gadi ya damƙa masa mabuɗin shago, ko wanda ya taɓa sa hannu bisa takardar fitar da kuɗi daga baitulmali, yana da abin saurare a wannan labari.

Mutumin sunansa Yebgeni Pirigojin. An haife shi a 1961 a birnin Leningrad, wanda yau ake kira San Petersbur. Bai taɓa zama hafsan soja ba. Ƙuruciyarsa a gidan kaso ta ƙare, inda ya shafe shekara 9 bisa laifin fashi da zamba. Da ya fito a 1990 sai ya fara sayar da burodi da nama a bakin titi, daga nan ya buɗe gidajen abinci na alfarma, har shugaba Putin ya kai takwaransa na Faransa Jak Shirak cin abinci a ɗaya daga cikinsu a 2001. Daga gidan abinci ya haye kwangilar ciyar da makarantu, daga makarantu zuwa barikokin soja. Shi ya sa aka laƙaba masa sunan kukun Putin. Ƴan kasuwa sun san irin wannan arziki: ba a kasuwa yake tsirowa ba, a ƙofar fada yake tsirowa.

A 2014 aka kafa rundunar Wagner, ƙarƙashin wani tsohon hafsan leƙen asirin soja mai suna Dimitri Utkin, da kuɗin Pirigojin. An gan su a gabashin Yukren, an gan su a Siriya, Sudan, Libiya, Afirka ta Tsakiya, Mozambik, daga bisani kuma Mali. Abin lura a nan shi ne dokar hukunta laifuka ta Rasha ta haramta aikin sojan haya. Don haka shekara takwas hukuma tana cewa ba ta san su ba, shi ma Pirigojin yana musun alaƙa da su, har yana kai ƴan jarida kotu. Sai a watan Satumba na 2022 ya fito fili ya ce shi ya kafa su. Amfanin wannan ɓoyo ga gwamnati a bayyane yake: in sun mutu ba a ƙidaya su cikin matattun sojan ƙasa, in sun yi ta'asa a ce ba da yawun hukuma ba. Amma runduna da ba ta cikin littafin hukuma, ba ta kuma ƙarƙashin horon hukuma. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Da yaƙin Yukren ya ɗauki zafi a 2022, sojan gwamnati suka ja da baya a wurare da dama, sai aka buɗe wa Pirigojin ƙofofin gidajen kaso. Ya riƙa tsayawa da kansa a tsakar gida gaban ɗaurarru, yana yi musu tayi: wata shida a fagen daga, wanda ya rayu an yafe masa laifinsa. Bisa faɗarsa, wajen mutum 50,000 ya ɗiba ta wannan hanya. Da su aka yi ta dukan garin Bakmut wata da watanni, har ya sanar da kama shi ranar 20 ga Mayu 2023. Shi da bakinsa ya ce kimanin mutanensa 20,000 suka mutu a can, rabinsu ɗaurarru. Garin kuwa, lokacin da aka kama shi, kufai ne.

A Bakmut ne rigimar ta nuna. Farkon watan Mayu ya ɗauki hoton bidiyo yana tsaye tsakiyar gawawwakin mayaƙansa cikin dare, yana zagin ministan tsaro Sergei Shoigu da babban hafsan hafsoshi Janar Gerasimof da sunayensu, yana zarginsu da hana shi harsasai. A ƙasar da ake ɗaure talaka shekaru saboda ya soki soja da kalma guda, shi ba wanda ya taɓa shi. Wannan shirun ya ƙara masa girman kai, ya ɗauka fada na bayansa.

Sai ranar 10 ga Yuni ma'aikatar tsaro ta ba da umurni cewa duk rundunonin sa-kai su sa hannu bisa yarjejeniya da ita kai tsaye kafin 1 ga Yuli. Kwana kaɗan bayan haka Putin ya goyi bayan umurnin. A nan ne ya kamata alhazai su kasa kunne, domin wannan shi ne gindin maganar. Ma'anar umurnin ita ce an cire dillali daga ciniki: mayaƙa za su koma karɓar albashi daga hannun ma'aikata, makamai su koma rumbun hukuma, shi kuwa ya tashi hannu rabbana. Pirigojin ya ce ba zai sa hannu ba. Duk kirarin kishin ƙasa da ya biyo baya, da neman adalci ga ƙaramin soja, an gina su ne bisa wannan wa'adi na 1 ga Yuli. Tawaye ne na ɗan kwangilar da aka ƙwace wa kasuwa, sai dai ɗan kwangilar yana da tankoki.

Ranar Juma'a 23 ga wata ya fara da abin da ba wanda ya isa ya faɗa a Rasha: ya ce dalilan da aka bayar na shiga yaƙin ƙarya ne, Yukren da ƙungiyar tsaro ta OTAN ba su shirin kai wa Rasha hari, manya ne suka tayar da yaƙin don neman galo da ganima. Da maraice ya yi zargin cewa sojan gwamnati sun yi ruwan rokoki bisa sansanin mutanensa, zargin da ma'aikatar tsaro ta ƙaryata. Ya ce yana da mutum 25,000, kuma za su yi abin da ya kira tattakin neman adalci. Cikin daren hukumar tsaron ciki ta FSB ta buɗe masa shari'ar tayar da bore da makami.

Asubahin Asabar mutanensa suna cikin Rostof, birni mai mutum sama da miliyan ɗaya, inda hedkwatar rundunar kudu take, wato ofishin da ake tafiyar da yaƙin Yukren daga cikinsa. Sun shiga ba tare da wani ya tare su ba. Duniya ta ga hotonsa zaune a harabar ginin tsakanin mataimakin ministan tsaro Yunus-bek Yebkurof da wani babban janar na leƙen asiri, yana yi musu magana kamar maigida da barorinsa, yana neman a miƙo masa Shoigu da Gerasimof. A riƙe sunan Yebkurof, zai sake fitowa.

Da hantsi Putin ya yi wa ƙasa jawabi ta talabijin. Ya kira abin cin amana, ya kwatanta shi da rushewar da ta auka wa ƙasar a 1917, ya yi alkawarin hukunci mai tsanani. Amma a daidai lokacin ayarin motocin Wagner yana bisa babbar hanyar da ta haɗa Rostof da Masko, tafiyar kusan kilomita 1,100, wadda ta ɗara nisan Yamai zuwa Damagaram. Sun ratsa jihar Boronej, sun shiga ta Lipetsk. Jiragen gwamnati da suka yi ƙoƙarin tare su, sun kakkaɓo masu saukar ungulu shida da babban jirgin ba da umurni guda, matuƙa fiye da goma suka rasa rayukansu. Abin da hukuma ta iya yi a ƙasa shi ne tone kwalta da motocin haƙa da gicciya manyan motoci bisa gadoji. Magajin garin Masko ya ce kowa ya zauna gida ranar Litinin. Kafin faɗuwar rana, tazarar da ta rage tsakaninsu da babban birnin wajen kilomita 200 ce, ba ta kai Maraɗi zuwa Damagaram ba.

Sai kwatsam ya ce su juya. Shugaban Belarus, Lukashenko, shi ne ya shiga tsakani ta wayar tarho. Fadar Kremlin ta sanar cewa za a janye tuhuma, Pirigojin zai koma Belarus, mayaƙansa ba za a hukunta su ba. Da dare suka fice daga Rostof, mutanen gari suna yi musu tafi, suna ɗaukar hoto da su.

Me ya sa ya tsaya? Lissafi ne ya ƙi fita. Ya yi zaton rundunonin gwamnati za su biyo shi, ko guda ba ta biyo ba. Janar Surobikin, wanda ake ganin amininsa ne, tun cikin dare ya fito a bidiyo yana roƙonsu su koma. Ba gwamna, ba minista, ba jam'iyya da ta ɗaga masa hannu. Ƴan dubban mayaƙa suna iya isa bakin birni mai mutum sama da miliyan 12, amma ba za su iya riƙe shi ba. Sai dai ɗaya gefen ma abin tsoro ne ga masu mulki: yadda ba wanda ya bi shi, haka nan kusan ba wanda ya tsaya a kan hanya ya tare shi. Yawancin masu galo sun naɗe hannu suna jiran su ga inda iska za ta kaɗa.

Ga ma'aikata, ranar da ta fi muhimmanci ita ce Talata 27 ga Yuni. A ranar Putin ya faɗa da bakinsa cewa gwamnati ce ke ɗauke da Wagner ɗungurungum: daga Mayu 2022 zuwa Mayu 2023 an biya ta rubul miliyar 86, kusan dalar Amurka miliyar ɗaya, wato wajen sefa miliyar 600. Ya ƙara da cewa kamfanin Pirigojin ya samu wasu miliyar 80 daga kwangilar ciyar da soja. Ashe rundunar da aka yi shekaru ana cewa ba a san ta ba, wadda doka ta haramta, daga asusun ƙasa take ci. Akwai akawun da ya rubuta takardun, akwai wanda ya buga hatimi. Harsashin da ya kakkaɓo jiragen gwamnati, da kuɗin harajin ƴan ƙasa aka saye shi.

Sauran labarin gajere ne. Ranar 29 ga Yuni Putin ya karɓi Pirigojin da kwamandojinsa a Kremlin har tsawon awa uku. A watan Yuli suka miƙa manyan makamai. Ranar 23 ga Agusta, wata biyu cif bayan boren, jirginsa ya faɗo a jihar Tiber tsakanin Masko da San Petersbur, mutum 10 suka mutu, har da shi da Utkin. Kremlin ta musanta hannu a ciki. Daga baya Putin ya ce an samu ɓaraguzan gurneti a jikin gawawwakin. An cire Surobikin daga muƙaminsa. Shoigu kansa ya bar ma'aikatar tsaro a Mayu 2024, bayan an kama ɗaya daga cikin mataimakansa bisa zargin cin hanci.

Afirka ta riga Rasha ganin irin wannan. A watan Yuli na 1967 sojan hayan da ke cin albashin Mobutu a Kwango suka yi masa bore ƙarƙashin Jan Shiram ɗan Beljiyam, suka riƙe garin Bukabu har watan Nuwamba kafin su tsallaka Ruwanda. A tsibiran Komoro, shugaba Ahmad Abdalla ya mutu a fadarsa a 1989 lokacin da Bob Denar ke riƙe da dogarawansa. Dattawa a nan kuma ba su manta ƙarshen watan Fabrairu na 1992 ba, sa'ad da sojoji a Yamai suka kame gidan rediyo saboda bashin albashi, suka tsare shugaban majalisar riƙon ƙwarya Andire Salifu. Amma waɗancan ƴaƴan ƙasa ne, iyayensu da matansu na cikin gari. Da ƙungiyoyin ƙwadago suka kira yajin aiki, kasuwanni da ofisoshi suka rufe, sai suka koma bariki. Wane yajin aiki ne zai mayar da baƙon da ya zo da yarjejeniya a aljihu, iyalinsa na can wata nahiya? In Rasha mai tarin rundunoni ta ƙare da tone hanyarta da hannunta, tambayar da ta wajaba ga duk ƙasar da ta yi hayar bindiga ita ce: nawa ake biya, daga wane asusu, wa ya ga takardar, kuma wa zai tare su ranar da biya ya yi jinkiri?

Ita dai Rasha ta ɗauki matakinta. Ta haɗiye kasuwar, ta kafa rundunar Africa Corps ƙarƙashin ma'aikatar tsaro. A Mali, inda Wagner ta sauka ƙarshen 2021, inda kuma ta yi mummunar asara a Tinzawatan a watan Yuli na 2024, ta sanar da tafiyarta a watan Yuni na 2025, sabuwar rundunar ta gaje ta. Mutumin da aka ɗora wa aikin zagaya ƙasashen Afirka don ɗinke wannan sauyi kuwa shi ne Yebkurof, wancan da aka zaunar a harabar Rostof. A farkon watan Disamba na 2023 ya sauka Yamai, ya gana da Janar Abdurahamane Tiani, kuma a watan Afrilu na 2024 rukunin farko na masu horas da soja na Rasha ya iso filin jirgin saman babban birnin.