Amsar Wasiƙunku: Digirin Da Mutum Ke Harhaɗa Wa Kansa

 Yau wasiƙu biyu za mu amsa a haɗe, domin duk a kan abu guda suka faɗa.

Ta farko daga wani Alhaji ce mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau, wanda kan koma ƙauyensu ya yi noma da damina. Ya ce shekarunsa 39, ya gama sakandare tun da jimawa, hidimar iyali ta hana shi ci gaba. To wai sai wani yaro ya nuna masa talla a waya, cewa akwai jami'ar ƙasar waje da mutum zai zaɓi darussan da ransa ke so, ɗan noma, ɗan ciniki, ɗan lissafin kuɗi, yana zaune a rumfarsa a ba shi digiri cikin shekara guda. Har an yanka masa kuɗi. Yana tambaya, shin akwai irin wannan karatu, ko kuwa damfara ce? Ta biyu kuma daga wani dattijo ce a karkarar Malumfashi, wanda 'yarsa ta gama sakandare ba ta sami gurbi ba, yana so ya ji ko ita ma za ta iya bin wannan hanya.

To Alhaji, irin karatun dai akwai shi, ba tatsuniya ba ce. Amma maganar shekara guda, wannan kam riƙe kuɗinka tukuna.

Bari in fara da inda abin ya yi suna. A Ingila akwai wata jami'a da ake kira Buɗaɗɗiyar Jami'a, an kafa ta a 1969, ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1971. An yi ta ne musamman saboda magidanta irinka, waɗanda aiki da iyali suka tsare. Abin da ya fi burge ni, a matsayina na ɗan rediyo, shi ne tun farko ta gidan BBC ake watsa darussanta, a rediyo da talabijin, mutum ya dawo daga aiki ya kunna akwatinsa ya ɗauki darasi, littattafai kuma a aiko masa ta gidan waya. Yanzu dai intanet ta karɓi wannan aiki. A yawancin darussanta ba a tambayarka wace takarda ka zo da ita, ƙofa a buɗe take.

A wannan jami'a akwai digiri da ba a ɗaure shi da fanni guda ba. Kowane darasi yana da makinsa, ana so ka tara maki 360. Kai ne za ka zaɓa, ka ɗebo daga fannin kasuwanci, ka ɗebo daga kimiyyar muhalli, ka ƙara da shari'a ko harshe, kamar dai yadda kake haɗa gero da wake da gyaɗa a gona ɗaya. Jami'o'i da dama a Amurka su ma suna da irinsa. Sai dai ka lura da lissafin nan da kyau: mai aiki yakan ɗauki maki 60 a shekara, wato shekara 6 ke nan kafin ya gama, kuma ana sa ran ya ba karatun awa 16 zuwa 18 kowane mako. Wanda ba ya wani aiki sai karatun shi ke gamawa a shekara 3. Kuɗin makaranta kuwa da fam ake biya, fam dubbai. To idan masu abin da kansu shekara 6 suke yi, yaya aka yi yaron nan ya samo na shekara guda?

Ba mu manta ba, a ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya fallasa yadda ya sayo digiri daga Kwatano cikin mako 6, bai taɓa shiga aji ba. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Mutane da yawa da suka sayar da shanu da gonaki suka wayi gari da takardar da ko ƙosai ba za a naɗe da ita ba.

Yanzu mu dawo gida. Mu ma muna da tamu Buɗaɗɗiyar Jami'ar, wadda aka fi sani da NOUN. Gwamnatin Shehu Shagari ce ta kafa ta a 1983, soja suka dakatar da ita a 1984, sa'an nan aka farfaɗo da ita zamanin Obasanjo, wanda shi kansa bayan ya sauka daga mulki ya koma ya zama ɗalibinta. Hedikwatarta tana Abuja, tana kuma da cibiyoyin karatu a jihohi. Ita ana neman kiredit 5 na sakandare, ciki har da Turanci, da lissafi a yawancin fannoni. Sauƙinta shi ne na lokaci: darussan da ka yi wa rajista su za ka biya, saboda haka da damina ko lokacin kaka, sa'ad da kasuwar hatsi ta buɗe, sai ka ɗauki kaɗan, da rani ka ƙara. Mafi ƙaranci shekara 4 ne, kuma dole ka iya taɓa kwamfuta, don wasu jarrabawar a kanta ake yi.

Amma fa a nan ba kai za ka harhaɗa digirin da kanka ba, an riga an tsara kowane fanni bisa ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa. Ni ban ga abin baƙin ciki a nan ba, domin abin da kake nema an riga an haɗa shi a fannoni irin su tattalin arzikin noma, inda za ka karanta noma da farashi da ajiyar amfanin gona da lissafin riba a tukunya ɗaya.

Kada in ɓoye maka wahalar. Ni kaina takardar NCE ɗina ta karatun ƙarshen mako na same ta, a ƙarƙashin Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, ina koyarwa a firamare. Litinin zuwa Juma'a ina gaban allo, Asabar ina kan benci. Bukukuwa da zaman majalisa duk na yafe su, har abokai suka sa mini suna Ɗan Boko. Waɗanda suka bari a hanya a cikinmu ba don ƙwaƙwalwa suka bari ba, yawanci gida ne ba su shirya da shi ba. Saboda haka, Alhaji, ka zauna da uwargida da yaron shagonka ku yi magana kafin ka cika fom. Kuma ka je cibiyar da ƙafarka, ka biya ta banki ka karɓi rasit, kada ka danƙa wa kowa kuɗi a hannu.

Saura Baba na Malumfashi. Baba, a gafarce ni, shawarar da na ba Alhaji ba ita zan ba 'yarka ba. Alhaji yana da sana'a, ya san ramin da yake so ya cike, kuma ba wanda zai kai wa takarda neman aiki. Ita kuwa yarinya takardar ce za ta yi mata magana. Ranar da ta je neman aikin asibiti ko koyarwa, tambayar farko ita ce, me kika karanta? Aikin jinya da koyarwa da lauya kowanne yana da hukumar da ke ba da lasisi, kuma ba sa karɓar karatun tsince-tsince. Idan an duba takardunta kiredit ɗin sun cika, ta sake zana JAMB, ta kuma sa kwalejin ilimi ko makarantar koyon aikin jinya cikin zaɓinta. Idan nisa da gida ne damuwarka, to NOUN tana ɗaukar matasa, sai ta zaɓi fanni guda mai suna ta riƙe shi. In kuwa Turanci ko lissafi ne ya kayar da ita, a fara biya mata kuɗin sake jarrabawar WAEC ko NECO.

Wasiƙun da suka shafi bashin taki kuma sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.