Dokar Kulle a Lokacin Biki: Sallarmu ta 2020 da Kirsimetin Turai

   

An ce in yi magana a kan yadda jama'a suka karɓi dokar kulle a lokacin korona, musamman da ta faɗo a kan ranakun biki. Akwai hukuncin da aka daɗe da yanke mana a wannan batu, wai Bature mai bin doka ne, mu kuwa taurin kai ne da mu. Ban yarda da wannan hukunci ba, kuma dalilina nake so in shimfiɗa muku yau, daga abin da ya faru a ƙasar nan tamu ta Birnin Kudu da Gwaram, da abin da ya faru a Turai wata bakwai bayan Sallarmu.

A ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Nijeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Daga 30 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya kulle Legas da Ogun da Abuja. Kano ta samu nata na farko a 11 ga Afrilu, ba a yi mako ba aka rufe ta. Duk wanda ya san yadda motocinmu ke kaiwa da komowa ta Wudil da Kwanar Huguma ya san cewa abin da ya shiga Kano ya kama hanyar gidanmu. Haka kuwa aka yi. Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya fara kulle Kazaure, sannan tsakanin ƙarshen Afrilu da farkon Mayu doka ta biyo ta Birnin Kudu da Gumel da Gujungu, ta kai Gwaram da Dutse. A gefenmu na Bauchi ma an rufe Katagum da Giade da Zaki. Azumi kuwa an ɗauke shi ran 24 ga Afrilu. Wato kulle ya same mu da bakin azumi, ana tsakiyar zafin bazara, damina tana ƙofa.

Cutar gaskiya ce, wannan ba na so mu bar ɗakin nan da shakka a kai. Makabartun Kano sun cika a watan Afrilu, kuma daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce binciken da aka yi ya ƙirga mutum 979 da suka rasu a waɗannan makonni, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana danganta rasuwarsu da korona. Dattawa ne mafi yawa, malamai da farfesoshi da masu sarauta. Likitoci da nas-nas na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Birnin Kudu sun yi aiki a lokacin da kowa ke gudun mai tari, kuma sun cancanci godiyar da har yau ba mu yi musu yadda ya kamata ba.

To me ya sa a majalisa da tasha ake cewa "korona ta manya ce", ake cewa "mu koronar yunwa ke damunmu"? Ku dubi abin da kasuwar mako take a wurinmu. Mutumin Kila ko Basirka ko Sundimina ba albashi yake jira ba. Akuyarsa ce ajiyarsa, ranar kasuwar Sara ko Babaldu ita ce ranar da zai mai da ita kuɗin taki da iri da ɗinkin Sallar yara. Matar da ke cikin gida tana ƙuli-ƙuli ko daddawa, jarinta bai wuce cinikin mako ba. Tela yana yin rabin samunsa na shekara a goman ƙarshe na azumi. Ɗan acaba, mai shayi, mai faskare, ɗan dako, kowanne abin da ya samo da rana shi ake ɗorawa a murhu da yamma. Ga 'yan cirani da ke son dawowa gida sharar gona an rufe musu iyakokin jihohi. Da aka ce wa waɗannan mutane su zauna a gida, tambayar da suka yi ita ce, mu ci me? Tambaya ce ta mai hankali, kuma tallafin da aka yi ta sanarwa a rediyo bai amsa ta ba a gidaje da yawa. Da watan Oktoba ya zo, aka fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da Yola aka tarar da kayan tallafin korona jibge, sai mai shakka ya ƙara samun hujja.

Sai batun ibada, wanda ya fi taɓa zuciya. An dakatar da tafsiri, an dakatar da asham cikin jam'i, a wurare da dama har da Juma'a. A Kusada ta jihar Katsina, tun 28 ga Maris, matasa suka ƙona ofishin 'yan sanda bayan an kama waɗanda suka yi Juma'a. A Jamhuriyar Nijar an yi tarzoma a Mirriya da wasu unguwannin Yamai, har gwamnati ta buɗe masallatai a 13 ga Mayu. Da Sallah ta ƙarato, ran 24 ga Mayu, sai muryoyin shugabanni suka rabu. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya yi kira a guji taron Idi. Shugaba Buhari ya yi tasa sallar a gida da iyalinsa. Saudiyya ta sa dokar hana fita dare da rana tsawon kwanakin Sallah. Gwamna Nasir El-Rufa'i ya ƙi sassautawa a Kaduna, har ya ce da kansa zai tsare iyakarsu da Kano. Gwamna Abdullahi Ganduje kuwa ya bari a yi Idi a Kano. Talakan Gwaram da ke riƙe da rediyonsa ya ji duk waɗannan a mako guda. Wanne zai ɗauka?

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Masarautu sun jingine hawan Sallah a shekarar, kuma ba mu ji an tayar da ƙura a kai ba. Mutanen da ake ce wa masu taurin kai sun haƙura da dawakai da algaita da yawon Sallah, sun haƙura da aikin Hajji da bai yiwu ga maniyyatanmu ba a 2020. Abin da suka riƙe biyu ne, filin Idi da kasuwa. Wato sun yi tankaɗe da rairaya, sun bar abin da za a iya bari, sun tsaya a kan abin da suke ganin addininsu ne da abincinsu. Mai yin haka mutum ne da za a iya zama da shi a daidaita, in da an nemi zaman.

Yanzu mu leƙa Turai a watan Disamban 2020. Kirsimeti a wurinsu ita ce ranar da ɗa ke tahowa daga nesa ya ci abinci da tsohuwarsa, kamar yadda namu ke cika motoci daga Kano da Abuja da Fatakwal a jajibirin Sallah. Maƙwabtanmu Kiristoci da ke kasuwanci ko aikin asibiti a garin nan sun san wannan ɗoki, don su ma a lokacin suke haramar gida. Jamus ta rufe shaguna da makarantu daga 16 ga Disamba, bayan shugabar gwamnati Angela Merkel ta tsaya a majalisa tana roƙon jama'a su rage cuɗanya don kada wannan ta zama Kirsimetin ƙarshe da kakanninsu. Italiya, wadda ta ga gawawwaki a Bergamo, ta hana zirga-zirga a ranakun bikin, Fafaroma Francis ma ya dawo da addu'ar daren Kirsimeti zuwa ƙarfe bakwai da rabi saboda dokar hana fita ta ƙarfe goma. Faransa ta sa dokar hana fitar dare amma ta ɗage ta a daren 24 ga wata, ta ba da shawarar kada manya su wuce shida a teburi. A Ingila, firaminista Boris Johnson ya yi alkawarin sassauci na kwana biyar, sai ran 19 ga Disamba ya janye shi ga mutanen Landan da kewaye saboda sabon nau'in cutar. A daren nan tashoshin jirgin ƙasa na Landan suka cika da masu gudu kafin doka ta fara aiki. Duk da haka, ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna mafi yawan mutanen Ingila sun goyi bayan tsaurarawar.

Me ya sa suka goyi baya? Ba don jininsu ya bambanta da namu ba ne. A lokacin, gwamnatin Birtaniya tana biyan ma'aikacin da aka zaunar a gida kashi 80 cikin ɗari na albashinsa, har fam 2,500 a wata. Jamus tana da irin wannan tsari tun kafin annoba. Kantunan abinci a buɗe suke, wuta ba ta ɗaukewa, akwai firji, ana kawo saƙo har ƙofa. Kullum ana sanar da yawan waɗanda suka kamu da waɗanda suka mutu, kuma mutum ya san wani a layinsu da aka gwada aka tabbatar. Mu kuwa a farkon lamarin sai an ɗauki samfur an kai wata jiha, sakamako ya yi kwanaki, wani lokaci sai bayan an yi jana'iza. Wanda aka ciyar aka kuma nuna masa hujja, haƙurinsa ba ɗaya ba ne da na wanda aka rufe wa kasuwa aka bar shi da sanarwa.

Kuma da haƙurin nasu ya ƙare, ai mun gani. A Holan, da aka sa dokar hana fitar dare a Janairun 2021, an kwana uku ana ƙone-ƙone a birane, har da wata cibiyar gwajin korona. A Ingila kuwa, daga baya aka gano cewa ran 18 ga Disamban 2020, kwana ɗaya kafin a hana talakawa haɗuwa da iyayensu, ma'aikatan ofishin firaminista sun yi shagalinsu na Kirsimeti. Mutanen da suka bar iyayensu suka mutu su kaɗai a asibiti don bin doka ba su yafe ba. 'Yan sanda sun ci Johnson tara a Afrilun 2022 kan wani taron na daban, kuma wannan tabo na cikin abubuwan da suka kai shi ga sanar da murabus a Yulin shekarar. Mu ma mun ga irin wannan. Da Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ya rasu a 17 ga Afrilun 2020, Allah ya ji ƙansa, talabijin ta nuna cunkoson manya a makabartar Gudu, a makon da ake korar talaka daga masallaci da bakin kasuwa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ce a makonni biyun farko na kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18, adadin da ya zarce na waɗanda cutar ta kashe a ƙasar zuwa lokacin. Wanda ya ji wannan, da wane ido zai kalli mai kakin da ya tare masa hanya?

Ba ina wanke mu tas ba ne. An yi musabaha da rungume-rungume a inda bai kamata ba, an mai da takunkumin fuska abin wuya, an yaɗa ƙarya a WhatsApp, wasu masu wa'azi sun ce babu cutar alhali ba fanninsu ba ne, kuma dattawanmu ne suka biya kuɗin wannan sakaci. Killace gari saboda annoba ba baƙon abu ba ne a addininmu. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, bayan ya yi shawara da sahabbai. Ku lura da shawarar nan. Sai da ya kira Muhajirai, ya kira Ansaru, ya kira dattawan Ƙuraishawa, ya ji ta bakin kowa, sannan ya yanke. Mu kuwa doka ta zo mana daga sama, an ɗinka ta a kan ƙirar Legas da Landan, aka ce mai unguwa ya sanar.

Mun taɓa koyon wannan darasi. A 2003 aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano, da tabon gwajin maganin Pfizer na 1996 a zukatan mutane. Ba bulala ce ta dawo da iyaye ba. Sarakuna da malamai ne suka shiga gaba, hakimi ya ɗiga wa ɗansa a bainar jama'a, mai unguwa ya bi gida-gida, har a Agustan 2020, ana cikin korona, aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Hanyar tana nan, mu ne ba mu bi ta da wuri ba.

Wata annobar za ta zo, ko sanƙarau ko kwalara ko mashaƙo ko wadda ba mu san sunanta ba, kuma ba za ta duba kalanda ta kauce wa Sallah ba. Saboda haka roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, da iyayenmu hakimai, shi ne a zauna tun yanzu da ake lafiya. A kira limaman Juma'a na kowane ɓangare, da fastoci, da sarkin kasuwa da sarkin pawa da shugabannin direbobi, da ungozomomi da malaman tsangaya, a rubuta abin da za a yi. A yanke yadda za a ƙara filayen Idi a rarraba jama'a maimakon a hana, yadda kasuwar hatsi da ta dabbobi za su ci a sarari cikin 'yan sa'o'i maimakon a rufe, da wanda zai riƙe sunayen gidajen da ba su da na kwana uku a kowace unguwa, don tallafi ya riga doka isa. Ranku ya daɗe, ku kira wannan zama kafin azumi mai zuwa.