Yaron da ke ƙarshen benci: buƙatarmu ga malaman zagaye

Jawabin da aka gabatar a taron reshe na ƙarshen zango, a madadin malaman aji ɗaya zuwa uku

Malam shugaban reshe, sakatare da sauran 'yan majalisar zartarwa, iyayenmu hedimastoci, 'yan'uwa malamai maza da mata, barkanmu da ganin ƙarshen wannan zango lafiya.

Mun saba idan muka taru a wannan zaure, maganar albashi da ƙarin girma da alawus ɗin hutu ita ke cinye mana lokaci, kuma haƙƙinmu ne mu yi ta. Yau dai malaman ƙananan azuzuwa sun ɗora mana nauyin kawo wata magana dabam, wato maganar yaron da ke zaune a gabanmu kullum amma zuciyarsa na wani wuri. Kowa a nan ya san shi. Wani shiru ne nasa, ya shekara a aji ba a ji muryarsa ba sai wajen amsa sunan rajista. Wani kuma ba a tashi tara ba tare da ya fasa wa ɗan'uwansa baki ba. Wata yarinya ce da ke kuka ba dalilin da muke gani, ko ta yi fitsari a zaune alhali ta wuce shekarun haka. A bakinmu sunayensu ba su da yawa: daƙiƙi, fitinanne, mai taurin kai.

Ku ba mu izini mu faɗi laifinmu kafin mu nemi wani abu a hannun hukuma. Shekarar da ta wuce, ana tsakiyar zango na biyu, wata tsohuwa ta kawo mana jikanta, muka sa shi aji biyu. Yara 86 ne a rajistar ajin. Duk lokacin da babur ya wuce ta bayan katangar makaranta, sai yaron nan ya faɗa ƙarƙashin benci ya ƙi fitowa. Yara su yi ta dariya, darasi ya watse. Muka ɗauka shaƙiyanci ne, har sau biyu muka sa masa bulala. Sai a mako na uku, da muka aika a kira kakar, ta gaya mana cewa a gaban idonsa mahara a kan babura suka tafi da mahaifinsa, kuma tun daga ranar ba ya barci sai da fitila a kunne. Muka ji kunya iyakar kunya. Muka ɗauke shi daga jikin taga, muka ba shi aikin riƙe alli da goge allo, ya ɗan fara sakin jiki. Iliminmu a nan ya tsaya. Ba mu san abin da za mu ce masa idan firgitar ta zo ba, ba mu san wanda za mu kira ba. Bayan hutu bai dawo ba, kuma har yau ba mu san inda yake ba.

Irin wannan yaro ya yawaita a azuzuwanmu, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mun ga abin da ya faru a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021. Mun ga yadda aka kwashi ƙananan yara daga wata Islamiyya a Tegina a watan Mayu na 2021, suka yi kusan wata uku a daji. Mun ga Kuriga a watan Maris na 2024, inda har 'yan firamare aka haɗa. Waɗannan su ne suka shiga rediyo. Bayansu akwai ƙauyukan da aka tasa ba wanda ya ba da labari, kuma 'ya'yansu a makarantun gari irin namu suke ƙarewa. Ko babu maganar tsaro, ga yaron da aurensu iyaye ya mutu aka kai shi riƙo, ga maraya, ga wadda sai ta gama tallar koko take shigowa aji, ga wanda ya kwana bai ci ba. Akwai ma wanda kunnensa ne ba ya ji sosai, ko idonsa ba ya kai wa allo, ya gaji da zagi ya koma faɗa. Ruwa ba ya tsami banza.

Masana halayyar yara sun daɗe da bayyana yadda abin yake aiki. Yaron da ya ga tashin hankali, jikinsa yakan zauna cikin shirin gudu ko kare kai ko da haɗarin ya wuce. Ƙara kaɗan ta razana shi, barcinsa ya lalace, hankalinsa ya ƙi tsayawa wuri guda. Wanda ke sauraron ƙarar babur ba zai riƙe jadawalin sau uku ba. Idan muka ɗaga masa bulala a wannan hali, tsoro muka ƙara a kan tsoro, muka kuma tabbatar masa cewa makaranta ma ba mafaka ba ce.

A kwalejin ilimi an koya mana ilimin halayyar ɗalibai, an ɗan taɓa mana jagoranci da ba da shawara, muka rubuta jarrabawa muka ci. Wannan ya isa mu gane cewa wani abu na damun yaro, amma bai isa mu warkar da shi ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta amince da muhimmancin masu ba ɗalibai shawara, kuma ta ce malami ɗaya ya riƙe yara 35 a firamare. Wanda ke riƙe da ninki biyu na wannan adadi ko fiye, in ya ware minti goma ga yaro ɗaya, sauran sun hau kan benci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da muke nema shi ne malamin zagaye, wato ƙwararren da ba shi da ajin kansa, aka ba shi rukunin makarantu yana bin su ɗaya bayan ɗaya, aikinsa kawai taimakon yaran da damuwa ta hana su karatu da malaman da ke riƙe da su. Wannan tsari ya daɗe a wasu ƙasashe. A Ingila, ƙananan hukumomi da makarantun yara masu buƙata ta musamman sukan tura irin waɗannan ma'aikata zuwa makarantun firamare na gama-gari, don kada a kai ga korar yaro. Tun a 1969 wata masaniyar halayyar yara, Marjorie Boxall, ta fara wani tsari a unguwar Hackney ta birnin Landan: a ware yara kamar goma zuwa sha biyu tare da manya biyu na wani ɓangaren yini, su yi karin kumallo tare, su koyi jiran layi da faɗin abin da ke ransu da baki maimakon hannu, bayan 'yan zanguna su koma ajinsu gaba ɗaya. A nan gida ma, a jihohin Borno da Yobe da Adamawa, asusun UNICEF da wasu ƙungiyoyi sun horar da malamai kan kwantar da hankalin yaran da rikici ya taɓa. Aiki ne mai kyau, sai dai shirin agaji yana da ranar ƙarewa, yaro kuwa yana nan. Shi ya sa muke son gurbi na dindindin a sashen ilimi na ƙaramar hukuma.

Yaya aikin zai kasance a makaranta irin tamu? Malamin aji ya lura, ya rubuta abin da ya gani, hedimasta ya aika. Malamin zagaye ya zo ya zauna a bayan aji kwana ɗaya ko biyu yana kallo: yaushe abin yake tasowa, me ke zuwa kafinsa, me ke kwantar da shi. Ya gwada gani da jin yaron ta hanya mai sauƙi, don kada a yi ta neman ciwo a zuciya alhali yana kunne. Ya je gida da sanin mai unguwa da kwamitin kula da makaranta, ya zauna da uwa ko kaka ya ji tarihin yaron. Sannan shi da malamin aji su tsara abu biyu ko uku da za a iya yi a cikin aji mai cunkoso: inda yaron zai zauna, alamar da zai yi idan yana son fita ya sha iska, aikin da za a ba shi ya ji ana buƙatarsa, abokin da za a haɗa shi da shi. Bayan mako biyu ya dawo a duba abin da ya yi amfani. Idan lamarin ya fi ƙarfinsa, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa: asibitin kusa, ofishin jin daɗin jama'a, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Kaduna da Kware da Maiduguri.

Akwai sharaɗi ɗaya da ba za mu sassauta ba. Kada malamin zagaye ya rikiɗe ya zama sufeto. Ranar da ya fara duba littafin shirin darasi yana rubuta rahoto a kan malami, ranar za mu fara ɓoye masa yaran da suka fi buƙatarsa. Haka mu ma kada mu mai da shi juji, mu tura masa duk yaron da ya gundure mu mu karkaɗe hannu. Yaron namu ne, shi mai taimako ne.

Mun san abin da wasu za su ce. Za a ce makarantar da ba ta da benci da rufin kwano ina ta ga wannan alatu. Amsarmu ita ce bencin da aka saya wa yaron da ya gudu daga makaranta bai amfani kowa ba. Za a ce ina za a samo mutanen. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo tun 1977 take horar da malamai, Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos suna koyar da ilimin yara masu buƙata ta musamman, Jami'ar Ahmadu Bello tana koyar da halayyar ɗalibai da ba da shawara. A cikin wannan zaure ma akwai masu irin wannan takarda da aka ba su lissafi ko Turanci suna koyarwa saboda ƙarancin hannu. Za a ce ina kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga ilimin matakin farko, kuma a cikin rabonsa akwai na horar da malamai da na yara masu buƙata ta musamman. Dokar ta ce ilimin shekara tara kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro, ba ta cire mai firgita ba.

Wasu dattawanmu kuma za su ce mu ma da bulala aka tashe mu, ga mu mun zama mutane. Muna girmama su, kuma ba mu ce a bar yara ba tarbiyya ba. Amma mu da muka jure muka kai kwaleji mu ne ke zaune a nan. Abokan ajinmu da suka tsere tun aji uku ba su zo taron nan su ba da nasu labarin ba.

Saboda haka muna roƙon majalisar reshe ta kai wa sakataren ilimi da hukumar SUBEB buƙatu huɗu a rubuce. Na farko, a tantance malaman da ke da takardar jagoranci da ba da shawara ko ta ilimi na musamman a ƙaramar hukumarmu. Na biyu, a sauke wa wasu daga cikinsu nauyin aji, mace da namiji, a ba kowane rukunin makarantun da zai iya zagayawa cikin mako biyu, domin akwai abin da yarinya ba za ta faɗa wa namiji ba. Na uku, a ba su babur ko kuɗin mota a kan kari, kada ya zama daga albashinsu za su riƙa sayen mai. Na huɗu, a rubuta hanyar miƙa yaro daga makaranta zuwa asibiti ko ofishin jin daɗin jama'a, kowane hedimasta ya sami kwafi.

Kafin amsa ta zo, akwai abin da ke hannunmu. Daga zango mai zuwa kowannenmu ya ajiye ƙaramin littafi, ya rubuta yaran da halinsu ya sauya da ranar da ya lura, domin da wannan shaida za mu je gaban hukuma. Kafin mu ɗaga bulala kan yaron da ba mu san tarihinsa ba, mu fara tambayar wanda ya kawo shi. Sirrin da uwa ta gaya mana kuma ya tsaya a tsakaninmu, kada ya zama hirar ofishin malamai ko ta gindin bishiya.

Ga iyalanmu da za su karanta wannan a mujallar reshe, muna cewa idan malami ya aiko a zo a yi magana kan yaro, ba hauka ake jingina masa ba, kuma ba tonon asirin gida ake nufi ba. Addu'a da neman taimakon ƙwararre ba sa karo da juna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a hankali, don kada ya karye.

Malam shugaba, wannan ƙungiya tun 1931 take kare mutuncin malami. Muna ganin yana daga cikin mutuncin nan kada a bar malami shi kaɗai da yaro a ƙarƙashin benci, bai san abin da zai yi ba. Muna roƙon a sa wannan batu cikin ƙudurorin taron yau, a kuma naɗa mutum uku da za su bi takardar su kawo mana rahoto a taro na gaba.

Allah ya shirya mana zuriya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.