Jawabi Ga Iyaye: Awon Taurin Hantar Yara



Jawabin wannan wata a kan hanta ne. Hanta tana gefen dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Ita ke tace jini, tana kuma taimakon narkar da abinci. Lafiyayyar hanta tana da laushi. Idan ciwo ya daɗe a cikinta sai ta yi tabo, ta taurare. Sau da yawa yaro yana wasansa, ba wanda ya san hantarsa tana lalacewa.

A da, sai likita ya soka allura ya ciro ɗan tsokan hanta kafin ya san yawan tabon. Wannan yana da zafi, kuma jini na iya zuba. A shekarar 2003 aka fito da wata na'ura a Faransa mai suna FibroScan. Ana ɗora bakinta tsakanin haƙarƙarin dama, sai ta yi ɗan bugu, kamar mai sayen kankana yana ƙwanƙwasa ta. Bugun ya ratsa hanta, na'urar ta auna saurinsa da wani sauti wanda kunne ba ya ji. In hanta ta yi tauri, bugun ya fi sauri. Ba yanka, ba allura. Cikin minti 10 an gama, kuma akwai ƙaramin baki na yara. Akan hana cin abinci na 'yan sa'o'i kafin awo, don abinci yana ƙara lambar.

Me ke taurara hantar yaro? Babba daga ciki shi ne ciwon hanta nau'in B. Jariri yakan ɗauke shi daga uwa wajen haihuwa. Cikin jarirai 10 da suka kamu, kusan 9 ciwon zai zauna musu. Akwai kuma jaririn da ake haifa da toshewar hanyar ruwan ɗaci.

Na'urar sai a manyan asibitoci, amma abu biyu suna hannun iyaye. Na ɗaya, a yi wa jariri allurar rigakafin ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu. Nijeriya ta sa ta cikin alluran yara tun 2004. Na biyu, idan shawara ta wuce mako 2, ko kashin jariri ya yi fari, a kai shi asibiti nan da nan. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Allah ya raya zuri'a, amin.